Alhaji Maƙo da Ruwan Taki

A Jekadafari da ke Gombe, Alhaji Maƙo ya ritsa malamin gona a teburin mai shayi, domin ya ji labarin cewa shawararsa kyauta ce.

ALHAJI MAƘO: Malam, alayyafo da tumatirin da na shuka a bayan gida duk sun yi ɗorawa, kuma da na ji kuɗin buhun takin zamani a kasuwa, sai da aka yi mini fifita.

MALAMIN GONA: Alhaji, ai kana da awaki. Ka debi kashinsu wanda ya daɗe ya ruɓe, ka zuba a buhu ka ɗaure bakinsa, ka tsoma shi cikin durom na ruwa a inuwa, kana motsawa da sanda kowace safiya har mako ɗaya zuwa biyu.

ALHAJI MAƘO: Kashin kaji bai fi ƙarfi ba? Kajin maƙwabcina a tsakar gidana suke wuni suna ɓata mini wuri, ina ganin lokaci ya yi da za su fara biyan haya.

MALAMIN GONA: Ɗanyen kashin kaji zafi gare shi, ƙone saiwa yake yi, sai an tara shi ya yi watanni ya huce. Ko na awakin ma, idan ya jiƙu ba a zuba shi tsagwaronsa, sai an sirka kwano ɗaya da kwano goma na ruwa.

ALHAJI MAƘO: Allah ya yi maka albarka, wannan shi ne ilimi mai amfani! To me zai hana na sirka da kwano ɗari, durom ɗaya ya kai ni har damina?

MALAMIN GONA: Launinsa za ka duba, ana so ya zama kamar shayi marar kauri. Idan ka ga ya yi fari kamar wannan da ke hannunka, to ruwan ya yi yawa.

MAI SHAYI: Haba Malam, ku yi zancen takinku ku bar mini sana'ata! Shekara da shekaru nake dafa shayi a nan, ba a taɓa kawo ƙarata ba.

MALAMIN GONA: Ai ba a ƙarar ruwan zafi. Alhaji, a gindin shuka za ka zuba da yamma, bayan kowane mako biyu, kada ya taɓa ganye, musamman salak da duk abin da ake ci ɗanye, domin kashin dabba yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Idan lokacin tsinka ya matso, ka dakata.

ALHAJI MAƘO: Abin da ya rage a cikin buhun fa? Kada ka ce mini a zubar.

MALAMIN GONA: Ka binne shi a cikin lambun, taki ne. Hatta ganyen shayin da aka gama dafawa, idan ya ruɓe yana gyara ƙasa.

ALHAJI MAƘO: Madalla. Mai shayi, daga yau ka riƙa tara mini ganyen da ka gama amfani da shi.

MAI SHAYI: Ranka ya daɗe, sai dai ka yi haƙuri. Wanda na sa a tukunya tun Ƙaramar Sallah, har yanzu bai gama aiki ba.