Me ya haɗa Bakano da teku? Ga amsata

Jiya da daddare muna zaune a majalisa bayan isha'i hira ta biyo ta kan shugaban sojin ruwa, sai wani abokinmu ya kada baki yace wai shi har yau ya kasa gane me ya haɗa Bakano da teku, mutumin da ko kududdufi bai iya tsallakewa a ce shi ke juya jiragen yaƙin ƙasa, ai wannan alfarma ce kawai da sanayya. Mutane suka goyi bayansa. Ni kam wallahi abin ya tsaya min a rai har na kwanta da shi, don ba yau na fara jin wannan magana ba, kuma abin da yafi ci min tuwo a ƙwarya daga bakin namu take fitowa.

Toh bari mu ɗauki Awwal Zubairu Gambo tunda shi aka fi ja a kai. An haife shi 22 ga Afrilu 1966, ɗan ƙaramar hukumar Nasarawa ne a Kano. Ya shiga NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, a 1984, kwas na 36, yana ɗan shekara 18, ya fito da igiyarsa ta farko a 1988. Sai ranar 26 ga Janairu 2021 Buhari ya naɗa shi shugaban sojin ruwa, rana ɗaya da sauran manyan hafsoshin tsaro, su Irabor da marigayi Attahiru da Amao. Ku lissafa da kanku, daga 1984 zuwa 2021 shekara 37 kenan. Yaron da aka haifa ranar da ya shiga makarantar yau yana da mata da 'ya'ya a sakandare. Wace irin alfarma ce take jira shekara 37? Gambo ya sauka a Yunin 2023 Ogalla ya karɓa, sannan a Oktoban 2025 aka ba Idi Abbas, shi ma ɗan Kano, ɗan kwas na 40 da ya shiga NDA tun 1987. Shi ma kusan shekara 38 ya kwashe a hanya.

Mutane ranar naɗi kawai suke gani, da farin kaki da takobi da hoto a Villa. Basa ganin tsanin. Bayan karatun Kaduna akwai horon ruwa a Onne can jihar Ribas, daga nan a tura ka jirgi kana ƙaramin hafsa, kai ne gadin dare, kai ne tsayuwa awa huɗu a ɗakin tuƙi ido a kan na'ura kowa na barci. Daga sab laftanar ka koma laftanar, laftanar kwamanda, kwamanda, kyaftin, kwamodo, riya admiral, sannan bayis admiral in rabo ya kai. Kuma kar sunan ya ruɗe ku, kyaftin na ruwa daidai yake da kanar a sojan ƙasa, kwamodo shi ne birgediya, riya admiral manjo janar. A tsakanin ko wane mataki akwai jarrabawa da kwas, sai ka je kwalejin hafsoshi ta Jaji, in ka yi nisa ka je kwalejin tsaro ta Abuja ko Kuru, kuma dole kowa ya zaɓi fanninsa, Gambo fanninsa yaƙin ƙarƙashin ruwa ne da tattara bayanan sirri. Jarrabawa ɗaya in ta ƙi ka sai ka ga 'yan kwas ɗinku sun wuce sun bar ka, shikenan sai labari.

Ni ba a takarda kawai na san wannan ba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, sojan ruwa ne har ya yi ritaya. Ranar da ya tafi bai taɓa ganin teku ba a rayuwarsa, ruwa mafi girma da ya sani shi ne dam ɗin Tiga. Ya taɓa bamu labarin fitarsa ta farko daga Apapa, yace kwana uku yana amai har sai da babu abin da ya rage a cikinsa, amma in lokacin gadinsa yayi sai ya ɗauki bokiti ya ajiye a gefen ƙafarsa ya tsaya, don babu wanda zai karɓe ka saboda jiri. Yace da ya leƙa ya ga ba ƙasa gabas ba ƙasa yamma sai da ya karanta duk addu'ar da kakarmu ta koya masa. Har sallah sai ya riƙa tambayar mai kula da kamfas ina alƙibla ta koma, don jirgi na juyawa. Ina tuna wata ƙaramar sallah da ya zo gida da farin kakinsa, kakarmu ta riƙe hannun rigar tana shafa igiyoyin zinaren nan tana cewa "ɗan nan duk ka yi baƙi, ruwan ba ya wanke mutum ne?" shi kuma yana tsugune a gabanta yana "Inna iskar gishiri ce". Biyu daga cikin 'ya'yansa an raɗa musu suna baya nan. Matarsa, Allah ya saka mata da alheri, ita ta riƙe gida daga bariki zuwa bariki, yau Legas gobe Kalaba jibi Warri, yara suna canza makaranta kamar riga. Shi yasa in naji an ce alfarma nake jin zafi, don fuskar matar nan nake gani.

Kuma wai yau aka fara? Murtala Nyako daga Mayo Belwa ya fito, ya shiga sojan ruwa tun 1963, ya yi horo a kwalejin sojan ruwa ta Datmos a Ingila, shi ne gwamnan soja na farko na jihar Neja a 1976, ya zama shugaban sojin ruwa a 1990. Da ya ajiye kaki ya koma gona har ake ce masa Baba Mai Mangoro, daga baya ya yi gwamnan Adamawa daga 2007 har aka tsige shi a 2014. Siyasarsa kowa da ra'ayinsa, ni ba ita na zo karewa ba, abin da nake nunawa shi ne ɗan Fulani daga Adamawa ya hau wannan tsanin tun rundunar tana jaririya, don ita kanta a 1956 aka kafa ta.

Akwai masu cewa toh mu meye namu a teku. Ɗan'uwa, kason da ake rabawa jihohi duk wata, wanda ake biyan albashin malamin firamare a Gwarzo ko Gumel da shi, kaso mai tsoka daga man da ake lodawa a ruwa yake fitowa. Kayan da ke Kantin Kwari da Singa yawancinsu ta tashar jirgin ruwa suka shigo. In 'yan fashin teku suka addabi mashigin Gini kuɗin inshorar jirgi tashi yake, kuma a ƙarshe kai mai sayen shadda da taliya kai zaka biya. A Maris 2022, zamanin Gambo, aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da fashin teku ya yi wa katutu, ba shi kaɗai ya yi aikin ba, akwai hannun NIMASA, hukumar kula da sufurin jiragen ruwa, da waɗanda suka gabace shi, amma a hannunsa abin ya faɗo. Sannan wa ya ce aikin sojan ruwa a teku ya tsaya? Akwai sansaninsu a Baga bakin tafkin Chadi inda suke fafatawa da 'yan ta'adda a tsibirai, akwai na Lokoja inda Neja da Binuwai suka haɗu. Da aka kawo kwalejin koyon harkar kayan aiki Dawakin Tofa an yi ta surutu wai an kai sojan ruwa hamada, alhali makaranta ce, lissafin mai da abinci da kayan gyara ba sai a bakin ruwa ake koyonsa ba.

Ban ce duk wanda ya sa farin kaki farin mutum bane. Satar ɗanyen mai bata tsaya ba, kuma kowa yasan jirgin dakon mai ba allura bane da zai ɓuya, dole a tambayi masu gadin ruwa, a tambaye su da ƙarfi ma. Akwai kuma al'adar nan da ni gaskiya bata kwanta min ba, da zarar an naɗa shugaba sai duk waɗanda suka girme shi a kwas su tattara su tafi gida. Na gane hikimar, babba baya sara wa ƙaninsa, amma ƙasa ta kashe maƙudan kuɗi ta horar da mutum shekara talatin da wani abu, rana ɗaya a sallami gomman irinsa suna da sauran ƙarfi, wannan asara ce a ganina, ya kamata a nemo inda za a ci gaba da amfana da su ko da a makarantun horo ne. In suka ake so ga inda ya dace a yi ta, a kan aiki. Amma a ce mutum bai cancanta ba don garinsu ba teku, wannan bana karɓa.

Abin da ke damuna shi ne yaran da ke zaune a gefe suna jin irin wannan hira. Yaro ya ji manya na cewa ruwa ba namu bane, ya ji uwa tana cewa ita ɗanta ba zai je aljanun ruwa su ɗauke shi ba, sai ya cire rai tun bai gwada ba, alhali NDA kowace jiha tana da gurbinta, kuma wanda ya gama digiri ma akwai ƙofar gajeren kwas. Iyo koya ake, kawuna a can ya koya. Kuma mu da kusan duk damina sai mun ji kwale-kwale ya kife da mutane a Neja ko Kebbi ko Sakkwato, mu ne ma muka fi buƙatar 'ya'yan da suka san ruwa.

Ɗan yayata yana aji biyar na sakandare, lissafi da fiziks ɗinsa masu kyau ne, ya daɗe yana min maganar sojan ruwa a ɓoye don tsoron mamansa. Da safen nan na kira ta nace "Yaya, ranar Asabar zan zo in ɗauke shi mu je wajen Kawu, ki bari ya ji daga bakin wanda ya yi." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan tace in zamu tafi mu biya ta wajenta ita ma zata bi mu.