Italiyancin titi ba zai ba ka fasfo ba

Tun da ƙuri'ar raba gardama ta 8 da 9 ga Yunin 2025 ta faɗi a Italiya, wadda aka so a rage shekarun jiran zama ɗan ƙasa daga 10 zuwa 5, guruf-guruf ɗin 'yan uwanmu na can ba abin da ake sai zagin Meloni da Salvini, jagororin gwamnatin da ba ta goyi bayan ƙuri'ar ba. Kusan kashi 30 cikin ɗari ne suka fito, doka kuma tana son sama da rabi, shi ke nan magana ta mutu. To ni ba wannan ne ya tsaya min a wuya ba. Abin da ya tsaya min shi ne masu zagin nan su ne dai ke gaya wa sabbin zuwa wai kada su ɓata lokaci da nahawu, wai yare a titi ake tsintarsa, makaranta ta marasa aikin yi ce.

Haba jama'a. Ko da ƙuri'ar ta wuce, sharaɗin yare yana nan daram, ba ya ma cikin tambayar da aka yi. Tun 2018 dokar da Salvini ya kawo yana ministan cikin gida ta ce sai kana da B1, wato matsakaicin matakin iya yare, za ka nemi zama ɗan ƙasa, soggiorno (takardar izinin zama) na dogon zango ma sai da A2, matakin da ke ƙasa da shi. Kuma B1 ba hira ba ce da capo, wato ubangidanka, a gonar tumatir, akwai karatu akwai rubutu, ko ka yi jarrabawar CILS ta jami'ar Siena ko CELI ta jami'ar Perugia duk dai sai ka riƙe biro.

Ina da ɗan ƙanin mahaifina da ya shekara takwas a wajen Napoli. In ka ji shi a waya yana ciniki sai ka rantse can aka yanke masa cibi, har da yarfa hannu. Amma fa duk maganarsa io andare, io lavorare ce, wato kamar mutum ya ce maka ni tafi, ni aiki, jiya da gobe duk ɗaya. Ana gane shi kam, shi ya sa bai taɓa damuwa ba, sai ranar da aka ce ya rubuta 'yar wasiƙa ya ba da labarin abin da ya yi a makon jiya, ya ce min wallahi biro ya yi masa nauyi kamar fartanya.

Abin takaicin, mu Hausawa mun fi mutane da yawa sa'a da yaren nan, ba mu sani ba ne. Mai Turanci kansa juyawa yake in aka ce masa tebur namiji ne ƙofa mace ce, mu kuwa da wannan muka tashi. Kalmar da ta ƙare da a yawanci mace ce a Hausa, haka take a Italiyanci, porta, strada, macchina. Masu taurin kan ma kowa da nasa, mu muna da gida da ruwa da suka ƙi zama mata, su suna da problema. Baƙi mai ninki da ke wahalar da Bature, bambancin nono na tara da nonno kaka, ko sete ƙishirwa da sette bakwai, wanda ya iya cewa hannu da shakka me zai ba shi tsoro? Wasulan ma a rubuce biyar ne irin namu. Har voi da mutanen kudu ke ce wa dattijo, ai ku ɗin nan tamu ce ta girmamawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne aikatau. Mu a gaba muke sa lokaci da mai aikin, na tafi, zan tafi, ina tafiya, kalmar ba ta cika motsi ba. Su a wutsiya suke sawa, parlo, parli, parla, parliamo, sannan a abin da ya wuce sai ka san wane aikatau ne ke ɗaukar essere (kasancewa) wanne avere (mallaka) a matsayin mataimaki, namiji ya ce sono andato mace ta ce sono andata. Wannan titi ba zai taɓa zaunar da kai ya warware maka ba, don mai shago ruwansa da kuɗinka ne ba da wutsiyar aikatau ba.

Masu cewa ai Italiyawan ma suna kuskuren congiuntivo, wato sigar aikatau ta fata da shakku, to su da fasfonsu a aljihu suke kuskuren. Masu cewa gajiyar aiki ce kuwa na ji, amma gajiyar ba ta hana awa uku a TikTok.

Makarantun manya na gwamnati, CPIA, suna nan a larduna, da yawa suna da ajin yamma, kuɗin rajistar ma ba wani abu ba ne. Shugabannin ƙungiyoyinmu da ke tara kuɗin suna da biki duk wata su ware wani abu su nemo wanda ya iya Hausa da Italiyanci ya dinga bayanin nahawun da yarenmu, ko a masallaci ne bayan Isha. Ɗan uwan nawa dai ya yi rajista, jiya ya turo min hoton littafinsa ya cika shafi biyu da juye-juyen essere, sono, sei, è.