Ni da makullin siton coci

Jiya bayan an tashi daga sujadar yamma wani yaro cikin matasanmu ya biyo ni har gindin darbejiyar bakin coci yana ta sosa ƙeya, wai Baba Ma'aji dan Allah ka ba ni aya mai ƙarfi. Nace aya mai ƙarfi kuma, ta me? Sai da ya waiga ya ga ba kowa sannan yace cacar ƙwallon nan ta waya ce ta hana shi sakat, kuɗin ƙwadagon da ya tara na cirar gyaɗa duk sun tafi cikin sati ɗaya, ya yi addu'a ya yi azumi, har Littafi yake sawa ƙarƙashin filo in zai kwanta amma da ya ji an fara wasa sai kawai ya ga hannunsa a kan waya. Dariya ta kusa kama ni, ba don na raina shi ba, don kaina na tuna.

Mu nan ƙasar Sumaila kakanninmu Maguzawa ne, sun bar tsafi sun karɓi Almasihu, amma in za mu faɗa wa kanmu gaskiya son laya bai gama fita daga jininmu ba. Da guru ne da kambu, yanzu kuma ka shiga ɗakin mutum ka tarar da Littafi a buɗe kan akwati daidai Zabura 91, ƙura ta yi wa shafin ja tun bara, wai yana korar mugun abu. Matasa kuma sun mai da shi kan waya, kullum da safe sai an ɗora aya da hoton furanni. Ban ce laifi ne ba, nima ina ɗorawa. Amma dai na taɓa shiga daren da duk wannan bai tsinana min komai ba, kuma tunda dattawa sun riga sun san zancen ba abun ɓoyo bane, bari in faɗa.

Shekara shida kenan ina riƙe da ma'ajin ikilisiyarmu. Wanda bai san ƙauye ba zai ɗauka kuɗi ne, ina, baikon Lahadi nawa yake. Dukiyar cocin ƙauye hatsi ne. Ranar godiyar kaka kowane gida zai kawo nasa, maza da damin dawa da gero, 'yan Zumuntar Mata da ƙoren wake da gyaɗa a ka suna waƙa, matasa su sussuke a zuba a buhu a kai wani ɗan sito bayan coci mai ƙofar langa-langa. Daga nan ake cire abincin fasto, da na gwauraye da marayu, da na baƙi in an yi taro. Littafin lissafi yana wajen sakatare, makulli yana wajena. Shi sakatare buhu yake rubutawa, buhu kuwa tiya arba'in ne, in an riga an farke bakinsa wa zai zauna ƙirga abinda ya rage, ga ɓeraye ga ƙwari da za a ɗora wa laifi.

Damunar 2024 kowa ya san yadda ta kasance, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kaya suka yi tashin gwauron zabi, taki ya gagari talaka. Watan Agusta, ana tsakiyar marka, rumbuna ya zama fayau, gero bai nuna ba, ga autarmu zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ita sai da aka yi mata ƙarin ruwa leda uku, akuyar da nake taƙama da ita ta tafi a nan. Ran nan da daddare uwargida tace min, Baban yara garin nan fa ba zai kai jibi ba. Ba ta ƙara komai ba, ta juya ta kwanta.

To ga inda nake so 'yan'uwa su saurara da kyau. Ni da na ɗauka in jaraba ta zo zan ji wata murya mai ban tsoro tana cewa je ka yi sata. Ko kaɗan. Ayoyi ne suka dinga zuwa min, ɗaya bayan ɗaya kamar an buɗe famfo. Ba a rubuce yake ba kada a sa wa sa takunkumi yana cikin sussuka? Ba Yesu da bakinsa yace ma'aikaci ya cancanci ladansa ba, kai shekara nawa kana wannan wahala ko sisi ba a taɓa ba ka ba? Dawuda fa, da yunwa ta kama shi a Nob ai gurasar da aka keɓe wa Allah ya ci, kuma Ubangiji Yesu ya kafa hujja da shi a Matiyu 12. Kuma ai ba ɗauka za ka yi ba, rance ne, kaka na yi ka mayar har da ƙari. Kai jama'a, ban taɓa jin wa'azi mai daɗi irin na daren nan ba. Na ɗau tocila na fita ana yayyafi, na buɗe sito na auni dawa tiya goma a wani tsohon buhun taki, har da tsayawa in share bakin tiyar da hannu don kar in wuce ƙa'ida, ka ji ɓarawo mai tsoron Allah.

Na shigo na jingine bayan ƙyaure. Ashe idonta biyu. Tace wannan fa? Nace rance ne. Ta yi shiru can tace, wa ya ranta maka? Ban amsa ba itama ba ta sake magana ba.

Barci dai sai ɓarawo, kuma ranar ko shi bai zo ba. Ina kwance ina jin ruwa na ɗiga daga indararo sai kakata ta faɗo min a rai, Iya, Allah ya ji ƙanta. Ita ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Kakanmu ne ya koyo karatu a Yadakunya lokacin da ya je jinya wajen 'yan mishan, ya dawo da tsohon Littafin nan na fassarar 1932, wanda ake cewa Matta da Yohanna da Kubawar Shari'a, ba irin namu na 1979 mai Matiyu da Yahaya da Maimaitawar Shari'a ba. Kullum dare zai kunna aci-balbal ya karanta mata tana kaɗi, a haka ta haddace abinda ni mai takardar sakandare ban haddace ba har yau. In ta aike mu tallan ƙuli-ƙuli muka dawo kuɗi bai cika ba, ba ta duka, sai ta kalle ka tace, a cikin sha biyun nan wa ke riƙe da jaka? Dole ka amsa da bakinka, Yahuda. Tace me yake yi da abinda ake sawa a ciki? Kace yana ɗiba. Shikenan ta gama da kai. Yahaya 12:6 kenan, ban ma san lambar ba sai da na girma. Shekara talatin da wani abu ban tuna wannan ba sai daren nan, kuma da ta zo duk ayoyin can masu daɗi suka watse kamar an jefa dutse cikin kaji, don ita ba ta sa take ba, ba ta Dawuda take ba, sunan aikina ta kira, mai riƙon jaka.

Da farko na yi niyyar in lallaɓa kafin gari ya waye in juye a buhu ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Da hakan ya fi sauƙi. Amma makullin yana nan a aljihuna, yunwar tana nan, jibi ma dare zai yi. Sai na saɓa buhun a kafaɗa na nufi gidan babban dattijonmu, na same shi yana ba tumaki harawa. Na durƙusa na gaishe shi na zayyana masa komai har da ayoyin da na kafa hujja da su, inaga a raina ina so ne yace ai kana da 'yar gaskiya. Baba ya saurara har na gama yace, Ma'aji, shi Dawuda da ya je wajen Ahimelek roƙa ya yi, firist ya miƙa masa da hannunsa, kai wa ka roƙa? Sannan yace a ɗauko masa Littafi da tabarau, ya buɗe Maimaitawar Shari'a 25 yace karanta aya 4, na karanta zancen sa da takunkumi. Yace gangara ƙasa, 13 zuwa 15. Kada ka ajiye ma'auni iri biyu a jakarka ko a gidanka, babba da ƙarami. Sura ɗaya fa, shafi ɗaya. Yace ɗana, wanda ya karanta maka ta sama jiya me ya hana shi gangarowa?

Ranar Laraba kwamiti ya zauna, aka ba ni tiya ashirin daga kason mabukata, aka rubuta, na biya da kaka. Ninki biyun abinda na ɗauka a ɓoye. Mun saba jan 1 Korantiyawa 10:13, cewa Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba, tare da jarabar zai buɗe hanyar fita, amma ba a cika faɗa mana cewa ƙofar gajeriya ce ba, sai ka sunkuya. Tawa hanyar tana nan tun kafin in ɗau tocila, in je gaban mutanen da nake zama da su a benci ɗaya in ce ba ni da abinci a gida. Girman kai ne ya sa na gwammace sito. Tun daga lokacin ni da kaina na roƙa aka ƙara kwaɗo na biyu, makullinsa yana wajen shugabar Zumuntar Mata, kuma Mama ba ta da wasa, ko tiya ɗaya za a ɗiba sai ta ɗaura zani ta zo ta tsaya.

Bayan wannan ne na koma Matiyu 4 na karanta kamar ban taɓa gani ba. Kwana arba'in Yesu bai ci ba, kuma ta cikin Iblis ya fara shiga, mai da duwatsun nan gurasa, wato shima ya san mai jin yunwa ba ya buƙatar dogon turanci. Sau uku Ubangiji yana amsawa da a rubuce yake, kuma duka ukun daga littafi ɗaya ya ɗauko, Maimaitawar Shari'a, ɗaya a sura 8 biyu a sura 6, littafin da yawancinmu in mun zo kansa tsallakewa muke. A jeji yake, ba naɗaɗɗen littafi a hannunsa balle waya da zai bincika, abinda ke ciki ne ya fito. Abinda ya fi ɗaure min kai kuma, da Iblis ya kai shi kan ƙololuwar Haikali yace ya diro, da me ya kafa hujja? Zabura 91, aya 11 da 12. Ita dai wadda muke buɗewa kan akwati don ta kore shi, ya haddace ta tun kafin a haifi kakanninmu. Luka kuma ya ƙara cewa da ya gama ya rabu da shi ne zuwa wani lokaci, ba sallama ya yi ba.

Shi yasa nake ɗan jin haushi, fastocinmu ku yi haƙuri, in aka ce yau wa'azin jaraba ne an riga an san inda za a, zina da burkutu, burkutu da zina. Suna nan kam ba musu. Amma mutumin da ke zaune a layin gaba yana gyaɗa kai yana cewa amin, shi bai taɓa shan ko kurɓi ba, ranar kasuwa tiya biyu yake fita da su, ta saye mai zurfi da ta sayarwa wadda aka bubbuga gindinta. Wani ya zuba yashi a riɗi kafin dillalan Dawanau su zo, wani ya ci iyakar gonar marayu kunya ɗaya duk shekara. Karin Magana 11:1 tace ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, Amos 8 ma har masu sayar da ƙaiƙayi a cikin alkama ya ambata, yaushe rabon da ka ji an karanta su a bagade? Maƙwabtanmu Musulmi suna da sura guda a kan masu tauye mudu, kuma yaro ɗan shekara goma a tsangaya zai kawo maka ita da ka. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, ido yana kanmu, a bakin awo ake karanta mu tun kafin a tambayi me Littafinmu yace. Ayar haddacewa kuwa mun bar wa 'yan makarantar Lahadi, su ma don a ba su alewa.

To shi yaron jiya nace masa ba ni da aya mai ƙarfi irin wadda yake nufi, ya ciro Littafin daga ƙarƙashin filo tukuna. Na ba shi Yakubu 1:14-15, inda aka ce sha'awar mutum ce ke jansa, ta ɗau ciki ta haifi zunubi, da 1 Timoti 6:9 a kan masu ɗokin yin arziki da tarkon da suke faɗawa, nace ya haddace su da rana tsaka lokacin da ba wasa, ba sai an busa usur ba. Nace kuma ya karanta Farawa 39 ya gani ko Yusufu ya tsaya jan aya da matar Fotifar, rigarsa ma a hannunta ya bari. Ya goge abun daga wayar a gabana, katin bankinsa kuma nace ya kai wa innarsa ya faɗa mata dalili da bakinsa, nan ne fuskarsa ta canza, yace Baba ita ma sai ta sani? Nace ita ce ma ta farko.

Har ya tafi ya juyo yace to in na sake saukewa fa? Nace in ka sauke ka zo ka faɗa min, in baka sauke ba ma ka zo, Laraba bayan addu'a ina nan gindin bishiyar nan, ka zo min da ayoyin biyu a ka. Yace to. Wayata dai na duba da safen nan na ga ya ɗora Zabura 91 da hoton zaki.