Kafin Ka Taɓa Notin Tsakiya: Nasiha Ga Matasa Masu Son Canza Sifirin Mota Da Kansu

Assalamu alaikum 'yan'uwana matasa, musamman masu Golf, Corolla da Camry da ke neman halal a titunan Kaduna, daga Kawo har Sabon Tasha. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 kowa ya koma tattalin kwabo, kuma da yawa daga cikinku kun koyi juyen baƙin mai da canza fulogi da takalmin birki da hannunku. Madalla da wannan. Amma akwai aikin da nake roƙonku ku tsaya ku yi tunani kafin ku sa masa hannu, shi ne canza sifirin ƙafar mota, wannan murɗaɗɗen ƙarfen da ke zagaye da shokozoba.

Dalilin a bayyane yake. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,200, kusan kashi 60 cikin ɗari na nauyin yana gaba ne saboda inji da giya, ke nan kowane sifirin gaba yana ɗauke da kilo 350 ko fiye. Abin da mutane ba su sani ba shi ne, ko ka ɗaga motar ka ciro shokozoba gaba ɗaya ka kwantar da ita a ƙasa, sifirin yana nan a matse, da ƙarfin da ya kai nauyin buhunan siminti da dama. Noti guda ɗaya ne a tsakiyar hular sama, wato murfin da ke danne sifirin a saman shokozoba, ke riƙe da wannan ƙarfin. Ka kwance shi ba tare da ka matse sifirin da abin matsewa ba, hular da noti da sifirin za su tashi lokaci guda kafin ƙiftawar ido, kuma abin da ke gabansu a lokacin yawanci fuskar mai kwancewar ce, ko yatsunsa, ko ƙafar yaron da aka ce ya taka shokozobar. Garin neman gira a rasa ido, a wannan aikin ba karin magana ba ne kawai.

Tun kafin a je can, ka tabbatar sifirin ne ma ya lalace. Mafi yawan ƙwas-ƙwas da kake ji idan ka faɗa rami a Rigasa ko ka hau tudun rage gudu daga linkej yake, wato ƙaramar sandar da ke haɗa shokozoba da sandar da ta haɗa ƙafafun biyu, ko bushin, wato robar da ke mahaɗar ƙarafan ƙafa, ko hular sama da ta cinye. Motar da ke ta lilo bayan ta wuce rami kuwa, shokozoba ce ta mutu. Aikin sifirin ɗaukar nauyi ne, don haka alamarsa ita ce zama. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, iskar tayoyi daidai, but babu kaya, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin madigadi a dama da hagu. Idan bambancin ya kai santimita 2, akwai magana. Sannan ka haska tocila a zagayen ƙarshe na ƙasa, inda sifirin ke zaune a kan farantinsa. Nan laka da ruwan damina ke kwanciya, fenti ya ɓare, tsatsa ta ci, kuma nan ya fi karyewa. Karyayyen baki yana da kaifi, yana iya yanka gefen taya kana tsakiyar gudu a hanyar Zariya.

Motoci kuma ba ɗaya ba ne. A ƙafar baya ta Golf 4 da Sienna, sifirin daban yake da shokozoba. Ka tallafi ƙafar da jak, ka kwance notin shokozoba na ƙasa, ka sauke jak a hankali har sifirin ya saki, ka zare shi da hannu. Wannan mai natsuwa zai iya. Peugeot 206 da 306 ba su da murɗaɗɗen sifirin a baya sam, sandar ƙarfe mai murɗuwa ce, saitinta sai wanda ya saba. Tsofaffin Marsandi irin su V-boot da C-Class kuwa, sifirinsu na gaba dogo ne mai tsananin ƙarfi, kuma abin matse shi na musamman ne da ake zurawa ta cikinsa. Kada ka gwada shi da abin matsewa mai ƙugiyoyi da ke kama sifirin ta waje, ko da wani ya rantse maka ya taɓa yi.

Wanda ya dage sai ya yi da kansa a gaban Corolla ko Camry, to ya fara tara kayan aiki: jak mai kyau, ƙafafun ƙarfe biyu na ɗora mota, abin matse sifirin guda biyu masu kaurin zare da makullin ƙugiya, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, alanki, giris, da tabarau mai kare ido. Bulon siminti ba madogara ba ne, yana fashewa ba sanarwa. Jak shi kaɗai ma haka. A sassauta notin taya tun motar na ƙasa, a ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin baya, sannan a ɗaga gaban duka biyu. Idan gefe ɗaya kawai ka ɗaga, sandar da ta haɗa ƙafafun biyu za ta murɗe, linkej ya ƙi fita, ka yi ta dukansa har ka lalata zarensa.

Bayan cire taya, a kwance abin da ke riƙe da tiyon birki da wayar ABS a jikin shokozoba, a cire linkej, a zana alama da fenti ko alli a inda shokozoba ta haɗu da ƙafa, sannan a kwance manyan bol biyun da suka haɗa su. A daidai wannan lokacin ka sa wani jak ko katako a ƙarƙashin ƙafar. Idan ka bar ta ta faɗo waje, za ta ja tiyon birki, kuma shaf na iya zarewa daga kofinsa na ciki, aikin awa biyu ya koma na kwana biyu. Daga nan a buɗe bonet a kwance ƙananan notin nan uku na gefe, wani na riƙe da shokozobar daga ƙasa. Na tsakiya ba a taɓa shi. Masu Golf 3 ku lura, taku daban ce: noti biyu ne a jere a tsakiya, na sama shi ke sakin shokozoba daga jikin mota, na ƙarƙashinsa shi ke riƙe da sifirin. Wanda bai bambance su ba, ya ajiye sifana.

Matsewar ita ce wurin da ake jin ciwo, don haka zan daɗe a kanta. Ƙugiyoyin biyu su kasance suna fuskantar juna, ɗaya a wannan gefen ɗaya a wancan, kowace ta kama zagaye da yawa iyakar yadda za ta iya. A shafa wa zaren giris. A ɗaura wannan sau uku ko huɗu, a koma wancan sau uku ko huɗu, da sifanar hannu, ba da bindigar iska ba, domin girgizarta na sa ƙugiya ta zame. Idan ka ga sifirin ya fara lanƙwasa gefe kamar baka, ko ƙugiyoyin sun fara matsowa kusa da juna, ka tsaya ka sassauta ka sake daga farko. Shokozobar a kwance take, bakinta na kallon bango, ba kai ba, ba ƙofar da yara ke shigowa ba. Sai ka ga sifirin ya saki farantinsa har kana iya juya shi da hannu, sannan ka taɓa notin tsakiya. Ka riƙe sandar shokozoba ta samanta da alanki ko ƙaramar sifana. Kada ka damƙi sumul ɗin jikinta da fulaya, ƙarzuwa kaɗan ta isa ta yaga robar da ke tare mai, man ya fara zuba. Matsattsen sifirin kuma ba a jefar da shi, ba a barinsa a matse a tafi cin abinci, a sassauta shi nan take kamar yadda aka matse shi.

Sabon sifirin galibi ya fi tsohon tsawo, saboda tsohon ya zauna, don haka matse shi ya fi wuya. Bakinsa na ƙasa dole ya shiga ƙaramin matakin da ke jikin faranti, in ba haka ba motar za ta karkace ta riƙa ƙara duk juyin sitiyari. Tun da an riga an buɗe, a duba boris ɗin hula, robar da sifirin ke zama a kai, da rigar da ke kare sandar daga ƙurar hunturu. Canza su yanzu ya fi sake buɗewa bayan wata biyu. Ana canza sifirin bibbiyu ne, dama da hagu tare. Kowane noti da awonsa a littafin motar, na tayar Corolla misali 103 ne a Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗauri. Duk bol ɗin da ya ratsa ta cikin bushin roba, sai an sauke motar nauyinta ya zauna sannan a ƙarasa ɗaure shi, idan aka ɗaure a sama robar za ta kasance a murɗe ta tsage da wuri. Daga nan kai tsaye wurin masu alaimen, in ba haka ba tayoyin da ka saya da tsada su cinye ta gefe guda.

Yanzu ka yi lissafi da gaskiya. Mutumin da kake kallo yana wannan aikin a YouTube galibi yana Amurka ko Ingila ne, inda ake biyan bakanike da awa, kuɗi mai yawa, shi ya sa sayen kayan aiki ke yi masa riba. A Kaduna kuɗin hannun mai gyaran ƙafa bai kai kuɗin kayan da na lissafa ba, kuma aiki ne da ba lallai ka sake yinsa ba cikin shekaru. Idan kuma ka sayi abin matsewa mai araha, mai siririn zare, ka sayi haɗarin ne da kuɗinka. Allah Ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 195, kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannayenmu. A ganina hanyar da ta fi dacewa da mai son koyo ita ce ya ciro shokozobar da kansa idan yana da abin ɗora mota, ya kai ta gareji a musanya masa sifirin, ya dawo ya ɗaura.

Sai dai biyan bakanike ma ba ya sauke maka nauyi. Akwai garejin da za a kwantar da shokozoba a ƙasa, a sa yaro ɗan koyo ya taka, a kwance notin, sifirin ya yi tsalle ya bugi bango. Wajen mayarwa kuma a ɗaure shi da waya ko tsohon bel, mutum uku su danne. Wannan yaron ɗan wani ne, iyayensa sun kawo shi koyon sana'a amana. Kafin ka miƙa makulli ka tambaya cikin ladabi: "Oga, da me za a matse sifirin?" Idan an nuna maka abin matsewa, alhamdu lillahi. Idan aka ce kada ka damu haka muka saba, ka yi godiya ka ƙara gaba, Kaduna ba ta rasa ƙwararrun masu gyaran ƙafa ba.

Haka nan kada ka yarda a yanke zagaye ɗaya don motar ta yi ƙasa ta yi kyau, ko a gasa shi da wutar gas, ko a yi wa karyayye walda. Ƙarfen sifirin an gasa shi an sanyaya shi da awo a masana'anta, zafi na kashe wannan ƙarfin, ya zauna ko ya karye ba zato. Cusa guntun taya tsakanin zagaye don ɗaga bayan motar da aka sa wa tukunyar gas ta CNG shi ma ba magani ba ne, yana hana wasu zagayen aiki ya ɗora wa sauran nauyi. Abin da ake buƙata sifirin da ya dace da nauyin.

Idan za ka shiga Panteka sayen na Beljiyam, ka tafi da tsohon a hannu. Ka ƙirga zagaye, ka gwada kaurin ƙarfen da faɗin bakin sama da na ƙasa, ka duba ɗigon fenti mai launi da kamfani ke sa wa sifirin, domin na Camry mai silinda huɗu da na V6 suna kama a ido amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ka tsayar da biyun da za ka saya a ƙasa gefe da gefe ka ga tsawonsu ya zo ɗaya. Wanda aka fesa wa sabon baƙin fenti yana ƙyalli, ka kankare zagayen ƙasa da farce ko makulli ka ga ko ramukan tsatsa aka rufe.