Me ya sa a labari mace ba ta iya ƙaunar mace?

Duk mai kallon fina-finai ko karanta littattafan soyayya ya san tsarin. Da zarar ka ga mata biyu a waje ɗaya to ka zuba ido, ko kan namiji za su yi faɗa, ko ɗaya na ƙulla wa ɗaya makirci, ko kuma wadda ake kira aminiya ita ce za ta aure mijin ƙawarta a kashi na biyu. Kuma ba wata ƙasa ɗaya ke da wannan ciwon ba. Tun 1985 wata mai zanen barkwanci 'yar Amurka, Alison Bechdel, ta kawo wani ɗan gwaji: fim ya kasance da mata aƙalla biyu, su yi magana da juna, maganar kuma kar ta zama ta namiji. Sharaɗi uku kacal, amma gwada shi kan fina-finan da ka kalla bana ka sha mamaki.

Ni abin da ke damuna shi ne rayuwa ba haka take ba. Ka leƙa ɗakin masu haihuwa a asibiti da tsakar dare ka ga su waye a zaune, wata ta shimfiɗa zani a ƙasa gefen gado, ita ce mai bin nas da tambaya, ita ce mai amsa waya tana cewa da sauƙi alhali ba ta runtsa ba, kuma sau da yawa ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, ƙawa ce kawai. Wannan ƙauna ce ta gaske mai cin lokaci da kuɗi da barci, amma masu shirya fim sun ɗauke ta ba labari ba.

Alhali manyan marubuta ba su raina ta ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, da aminiyarta Aisha ta riga ta tafiya sai ta zauna ta yi mata marsiyya, malama guda mai wannan matsayi ba ta ji nauyin nuna wa duniya cewa rashin ƙawarta ya karya mata zuciya ba. Sai Mariama Bâ ta Senegal da littafinta na 1979 da aka sani da So Long a Letter, wanda ya ci kyautar littattafan Afirka da ake kira Noma Award a 1980. Gaba ɗayansa wasiƙa ce da Ramatoulaye, tana cikin takaba, ke rubuta wa ƙawarta Aissatou. Dukansu an yi musu kishiya, ɗaya ta fita ɗaya ta zauna, ba wadda ta zagi zaɓin 'yar'uwarta, kuma da Aissatou ta ji ƙawarta na fama da motar haya ita da yara bayan miji ya yi watsi da su, sai ta saya mata mota. Mazajen nasu duk sun ba da kunya, abin da ya tsaya da ƙafarsa har ƙarshe shi ne tsakanin matan nan biyu.

To akwai ɓangaren da ake kauce wa, gara a faɗe shi. Akwai labaran da soyayyar matan ta wuce ƙawance, kuma ba yau aka fara ba, mawaƙiya Sappho ta tsibirin Lesbos a Girka ta yi waƙoƙi kan irin wannan soyayya sama da shekara 2,500 da suka wuce. A 2018 fim ɗin Rafiki na Wanuri Kahiu ya zama na farko daga Kenya da aka nuna a bikin fina-finai na Cannes a Faransa, a gida kuma hukumar tace fina-finai ta haramta shi, daraktar ta ce an nemi ta sauya ƙarshen ne don ya nuna nadama ita kuma ta ƙi, daga baya kotu ta ɗage haramcin na kwana 7 mutane suka cika silima a Nairobi. Na san masu karatu da yawa addininsu ya riga ya yanke musu hukunci kan wannan, ban kuma zo jayayya da imanin kowa ba. Amma labari ba fatawa ba ne, matan nan akwai su, 'ya'yan wasu ne, kuma tilasta wa marubuci ya ƙare musu da wulaƙanci ko mutuwa shi ma ai ƙarya ce ake sa shi ya yi.

Sannan tsoron da aka cusa bai tsaya kansu ba, ya shafi kowa. Yanzu 'yan mata biyu su ɗora hoto sun rungumi juna a Instagram, kafin awa ɗaya an cika ƙasan hoton da zargi da habaici, har ta kai wata na jin tsoron rubuta wa ƙawarta ta shekara da shekaru "ina sonki". Marubuci ma da ya ga haka sai ya zaɓi hanya mai sauƙi, ya haɗa su faɗa kan saurayi, a nan ba mai tuhumarsa.

Furodusoshi za su ce kishi da makirci ne ke kawo kuɗi. Wataƙila. Sai dai littafin Mariama Bâ ya haura shekara 40 ana buga shi ana fassara shi ana koyar da shi a makarantu, kuma yawancin masu sayen littattafan soyayya da bin fina-finai masu dogon zango mata ne, waɗanda kowacce na da wadda take kira idan abu ya ɓaci. Ba a taɓa ba su zaɓin da yawa ba balle a ce sun ƙi.