Yaron da ba a nuna wa ba, da wane baki za a zage shi?

Wallahi dariyar nan da ake ta yi wa tsohon fim ɗin 'yan makarantar Amurka ta ɓata mini rai. Ana ta yawo da shi a intanet, kowa ya ɗora sai ya jera fuskokin dariya, wai ku zo ku ga Turawa ana koya musu wanke hannu da bin layi kamar ba su da iyaye a gida. Wani har cewa ya yi mu da muka gaji kunya tun kaka da kakanni ba ma buƙatar allon kallo ya koya mana ladabi. To malam, ka je bakin famfon unguwarku da safe, ko ka tsaya wajen rabon abinci a gidan biki, ka dawo ka gaya mini inda gadon nan ya shige.

Ni abin da na gani a fim ɗin shi ne abin da muka daina yi. An ɗauki yaro an nuna masa. Ku sake kallo da idon basira. Malama ta kawo wa 'yan aji wasan 'yar tsana, an nuna wata 'yar tsana marar ɗa'a da ta tafi cin abinci da dattin hannu, ta kutsa gaban layi, ta ɓarar da kaya a kan tebur. Yara suka yi dariya. Aka kaɗa ƙararrawa, sai ga yaro guda ya tuna abin da ya gani, ya je ya wanke hannu da sabulu, ya koma ƙarshen layi, ya nemi abinci cikin ladabi, ya yi godiya, da ya gama ya kwashe farantinsa da kansa. Shi ke nan. Babu tsawa, babu dorina, babu wanda ya ce masa ɗan banza. Minti 10 kacal, an warware masa abin dalla-dalla.

Kuma ba don shaƙiyanci suka yi ba. Da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945, hankalin manyan Amurka ya tashi a kan yaransu. Iyaye maza sun yi shekaru a fagen daga, mata da yawa sun shiga masana'antu, yara sun tashi sakaka. Sojojinsu kuma sun riga sun ga yadda fim ke koya wa ɗan ƙauye sarrafa makami cikin ɗan lokaci. Sai suka ce to, me zai hana a koyar da ɗa'a ta wannan hanya? Kamfanin Coronet na David Smart, a garin Glenview kusa da Chicago, ya dinga fitar da irin waɗannan gajerun finafinai ɗaruruwa, wanda kuke wa dariya ma nasu ne, na wajen 1960. Yadda ake cin abinci da iyali, yadda ake amsa waya, yadda ake mayar da kayan aro, yadda yaro zai amsa laifinsa. Sukan ɗauko malamin jami'a ya duba aikin, a rubuta sunansa a farkon fim. Wani kamfanin kuma, Centron, da aka kafa a garin Lawrence na jihar Kansas a 1947, yana da salon da ya fi burge ni: sai a kai labari daidai inda ya ɗaure, yaro ya ga abokinsa na satar amsa, ko ana yi da wata yarinya a bayan idonta, sai fim ya tsaya ya tambayi 'yan aji mene ne ra'ayinsu. A kunna fitila, malami ya ja muhawara.

Mu fa? Mu zagi muka iya. Yaro ya miƙo abu da hagu, a ce ba shi da tarbiyya. Ya faɗo ɗaki ba sallama, a ce 'ya'yan zamani. Ya katse babba ana magana, a kai masa mari. Wa ya zaunar da shi ya nuna masa? Wa ya ce masa koma waje, tsaya nan, ka yi sallama, ka jira a amsa, in ba a amsa ba har sau uku ka juya? Gani ya kori ji, mu muke faɗa, amma Coronet ne suka zuba kuɗi a kai.

Iyayenmu sun san wannan sarai. Kaka ba ta yi wa jika lacca a kan ladabi. Kama hannunsa take yi ta mayar da kofin zuwa dama. Ta dafa kafaɗar yarinya har ta kai ƙasa a gaban baƙo. A kwano ɗaya yaro ke koyon kada ya riga babba sa hannu, ya ci gabansa, ya bar naman nan sai an raba. A zaure yake ganin yadda mahaifinsa ke cire takalmi tun daga nesa in zai gaida malami. Duk nuni ne. Yau kowa da farantinsa, kowa da wayarsa, zauren an mayar da shi shago, kaka tana can ƙauye. Masu nunin sun watse, mu kuma ba mu kawo komai a madadinsu ba sai faɗa.

Na san abin da za a ce. Za a ce ƙasar da ke koya wa yara godiya a allo ita ce ke hana baƙar fata zama aji ɗaya da farare. Gaskiya ne. Sai a 1954 kotun ƙolinsu ta haramta raba makarantu, kuma a 1957 sai da aka kawo sojoji kafin yara baƙaƙe 9 su shiga makarantar farare a garin Little Rock. A yawancin finafinan nan ba ka ganin baƙin yaro ko ɗaya. Wannan abin kunyarsu ne, su za su amsa. Amma zaluncin uban ba ya mayar da wanke hannun ɗan ya zama kuskure. Za a kuma ce wasan ya bushe, yaran kamar an ɗora musu magana. Ai su ma Amurkawan sun daɗe suna yi musu dariya a talabijin. Su da suka yi suna iya dariya. Kai da ba ka taɓa shirya wa yaran unguwarku ko na minti 2 ba, dariyar me kake yi?

Kuma ba cewa nake a kwaso ɗabi'ar Bature ba. Cokali mai yatsu ba damuwata ba ce. Hanyar nake magana. Muna da 'yan fim cike da Kano, muna da matasa masu haɗa bidiyo a waya da ko a mafarki David Smart bai ga irinta ba. A ɗauki minti 5 a nuna yadda ake gaida maras lafiya. A nuna yarinyar da aka aika ta dawo da canji cif. A nuna yaro ya tsinci waya a masallaci, a tsayar da labarin nan, malamin Islamiyya ya tambayi ɗalibai me za su yi. Wannan ya fi ƙarfinmu ne? A nuna musu, jama'a, a nuna musu, sannan in sun ƙi a yi faɗa.

Abin da ma ya ƙara ci mini rai, da yawa daga cikin irin waɗannan finafinan sun rayu ne saboda wani mutum, Rick Prelinger, ya bi yana tattara su lokacin da makarantu ke zubar da su. A 2002 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya karɓi tarin nasa, kusan finafinai 60,000, an kuma zuba dubbai a intanet kyauta. To ina namu na majigi? Tun 1939 Turawan mulki suka kafa sashen fim na ƙasashen da suka mallaka, kuma bayan sun tafi gwamnatin Arewa ta ci gaba da tura mota gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan isha'i, mai sharhi na bayani da Hausa ta lasifika a kan tsafta da noma. Dattawan da suka yi wannan sharhin suna ta ƙarewa. Duk wanda ke da irinsu a gida ko a unguwa, don Allah ya ɗauki waya ya je ya naɗi hirarsu, ya turo mini ta akwatin saƙo.