Ba kowane gwani ne ke son kujera ba

A yawancin wuraren aiki, ladan gwani shi ne a raba shi da aikin da ya gwanance a kai. Malamin da ɗalibai ke ɗokin darasinsa a ba shi shugabancin makaranta, ya koma fama da jadawali da ƙorafin iyaye. Likitan tiyata a naɗa shi daraktan asibiti, ya wuni daga wannan taro zuwa wancan. Kowa na yi masa barka. In kuwa ya ce a bar shi inda yake, sai a fara raɗa: ai ba shi da zuciyar nema.

Ni a ganina wannan raɗar zalunci ce. Tun 1969 Laurence Peter, wani masanin ilimi ɗan Kanada, ya lura cewa ana yi wa ma'aikaci ƙarin girma ne har ya kai matakin da ba zai iya ba, a nan kuma yake maƙalewa. Cikin raha ya faɗa, amma a 2019 Alan Benson da Danielle Li da Kelly Shue sun bi bayanan ma'aikata masu sayar da kaya a kamfanonin Amurka, suka tarar da haka: wanda ya fi kowa ciniki shi ake ba manaja, kuma sau da yawa cinikin waɗanda ke ƙarƙashinsa baya yake ja. Kamfani ya rasa gwani, bai samu shugaba ba.

Steve Wozniak ya san kansa da wuri. Shi ya ƙera kwamfutocin Apple na farko, amma ya daɗe yana jan ƙafa wajen barin aikinsa a kamfanin Hewlett-Packard ya koma Apple, sai da aka nuna masa zai iya zama injiniyansa ba tare da ya juya kowa ba. Wa zai ce bai ci nasara ba?

Sai dai kada mu yaudari juna. Mai iyali da bashi a wuya ba ya cin daɗin aiki ya ƙoshi, kuma a wurare da dama albashi da fansho duk da mataki suke tafiya. Akwai kuma wanda tsoro ne ya hana shi karɓa, yana kiransa wadatar zuci. Wannan shi da zuciyarsa. Wanda nake karewa shi ne wanda ya zauna ya yi lissafi, ya san nawa zai rasa duk wata, ya san abin da zai saya da shi: hannunsa a cikin aiki, maraicensa a gida, wayarsa shiru da dare.

Babban laifin na masu tsara albashi ne, da suka ɗaure ƙarin kuɗi da yawan mutanen da kake juyawa. Kamfanin kwamfuta na IBM ya buɗe wa manyan ƙwararrunsa matsayi na daban tun 1963, su ɗaukaka suna kan bincikensu. Makarantu da asibitoci da yawa har yau tsani ɗaya gare su, kuma ofis yake kaiwa.